Daga Lungu Zuwa Juyi: Fahimtar Ma'anar Kusurwa a Darasin Lissafin 'Yan Firamare

Tsakure

Kusurwa na daga cikin batutuwan farko da yaro ke haɗuwa da su a lissafin siffofi, kuma tana daga cikin waɗanda suka fi wuyar zama a kansa. Wannan maƙala ta yi bayanin dalilin hakan ta fuskar harshe. A Hausar yau da kullum kusurwa wuri ce, wato inda bango biyu suka haɗu. A lissafi kuwa awo ce, wato gwargwadon juyin da ke tsakanin layi biyu masu mahaɗa ɗaya. An bi diddigin ma'anar kalmar a Hausa da tarihinta a lissafi da abin da masana ilimin yara suka gano, sannan aka nuna cewa sanannun kurakuran ɗalibai suna da tushe a tazarar da ke tsakanin ma'anonin biyu. Maƙalar ta bayyana cewa Hausa na da aikatau na juyi da buɗi, da kalmomin kaso irin su rubu'i da sumuni, waɗanda za su iya cike wannan tazara idan aka gabatar da su kafin digiri da ma'auni.

Fitilun kalmomi: kusurwa, juyi, digiri, lissafin siffofi, keɓaɓɓun kalmomi

1.0 Gabatarwa

Manufar ilimi ta ƙasa da Nijeriya ta fitar a shekarar 1977 ta tanadi cewa a fara koyar da yaro a firamare da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa. Kafin nan, a 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara gwajin koyar da darussan firamare na shekara 6 da Yarabanci a Ile-Ife. A Jamhuriyar Nijar ma an buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan ƙasa, ciki har da Hausa, tun farkon shekarun 1970. Irin waɗannan yunƙuri ne suka haifar da aikin samar da keɓaɓɓun kalmomin kimiyya da lissafi a harsunan gida.

Sai dai samar da kalma daban, tabbatar da ma'anarta a zuciyar mai koyo daban. Idan aka ɗauki kalmar da yaro ya riga ya sani a gida aka ɗora mata sabon nauyi a aji, yaron ba ya ajiye tsohuwar ma'anar a bakin ƙofar makaranta. Da ita yake shiga, kuma ta cikinta yake sauraron malami. Kalmar kusurwa kyakkyawan misali ce a nan. Zaɓinta ya dace, domin babu wata kalmar Hausa da ta fi ta kusa da abin da ake nufi. Amma ɗalibin da ya tsaya a kan ma'anarta ta gida zai iya haddace cewa kusurwar murabba'i digiri 90 ce, ba tare da ya san abin da aka auna har aka sami 90 ɗin ba. Wannan raunin kuma yakan bi shi har sakandare, inda darussan alwatika da da'ira da awon ƙasa duk suka dogara a kan kusurwa.

2.0 Ma'anar kusurwa a bakin Bahaushe

A maganar yau da kullum, kusurwa na nufin inda gefe biyu na wani abu suka haɗu: kusurwar ɗaki, kusurwar gona, kusurwar tabarma. Ana ajiye tsintsiya a kusurwa, ana kafa alamar iyaka a kusurwa, magini na ɗora zanko a kusurwar soro. A duk waɗannan, kalmar tana amsa tambayar "ina?" ne. Ba ta amsa tambayar "nawa?" ba. Danginta na kusa a ma'ana su ne lungu da saƙo da ƙurya, waɗanda dukkansu sunayen wurare ne.

Akwai ma'ana ta biyu, wadda ta shafi nahiya. Idan aka ce jama'a sun taru daga kusurwoyi huɗu na duniya, ana nufin gabas da yamma da kudu da arewa. Wannan ma'anar ta fi kusa da ta lissafi, domin ta ƙunshi fuskanta, kuma sauya fuskanta shi ne juyi.

Akwai kuma kalmar aro, wato kwana, wadda ta shigo daga Ingilishi ta hanyar tituna da tuƙin mota. Ita ma ta zama sunan wuri, kamar yadda ake gani a Kwanar Dangora da Kwanar Dawaki a Jihar Kano. Amma a cikin "shan kwana" ta ɗauki ma'anar motsi: direba ya bar fuskar da yake kallo ya koma wata. Yaron da ya san bambancin kwana mai sauƙi da kwana mai tsanani ya riga ya san cewa juyi yana da yawa da kaɗan, ko da bai taɓa jin kalmar digiri ba.

Ya kamata a lura cewa wannan haɗuwar ma'anoni ba ta keɓanta da Hausa ba. Kalmar Larabci zawiya na nufin kusurwar lissafi, tana kuma nufin lungun gini, kuma daga nan ne zawiyyar da Hausawa suka sani ta 'yan ɗariƙa ta samo sunanta. Kalmar Latin da Ingilishi da Faransanci suka gada ita ma lungu take nufi a asali. Ke nan matsalar ba ta gazawar Hausa ba ce. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan harsuna ya aro sunan wuri ya ba awo, kuma dole masu koyarwa da shi su gina gadar da ke tsakani da kayan da harshen ya mallaka.

3.0 Ma'anar kusurwa a lissafi

A lissafin siffofi, kusurwa na samuwa idan miƙaƙƙun layi biyu suka tashi daga ɗigo ɗaya. Ɗigon shi ne mahaɗa, layukan biyu kuwa su ne hannuwan kusurwa. Abin da ake aunawa shi ne yawan juyin da hannu ɗaya zai yi, yana manne da mahaɗa, kafin ya kwanta a kan ɗaya hannun. Tsawon hannuwan ba ya cikin lissafi, haka ma faɗin filin da ke tsakaninsu, haka ma inda kusurwar ta fuskanta a kan takarda.

Masana sun daɗe suna kai-kawo kafin ma'anar ta zauna a haka. Iƙlidis, wanda ya rayu a Iskandariyya ta ƙasar Masar wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya, ya bayyana kusurwa a farkon shahararren littafinsa na tushen lissafin siffofi a matsayin karkatar da layi ɗaya ya yi zuwa ga ɗaya, idan sun haɗu kuma ba su zama miƙaƙƙen layi guda ba. A bisa wannan bayani, abin da yanzu ake kira kusurwa mai digiri 180 ba kusurwa ba ce a wurinsa. A ƙarni na 5 na Miladiyya, masanin Girka Proclus, wanda ya yi sharhin littafin, ya kawo saɓanin magabata a kan ko kusurwa adadi ce, ko siffa ce, ko kuwa dangantaka ce tsakanin layi biyu. An fassara littafin Iƙlidis zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Halifa Haruna Rashid, a hannun Alhajjaj bin Yusuf bin Matar. Idan manyan masana sun yi ƙarnoni suna muhawara a kan abu, ba abin mamaki ba ne idan yaro ɗan shekara 9 ya yi tuntuɓe a kansa.

3.1 Asalin digiri 360

Raba cikakken zagaye gida 360 ya samo asali daga masu nazarin taurari na Babila, waɗanda ƙirgarsu ta ginu a kan 60. Girkawa sun karɓa daga gare su, kuma Batlimus na Iskandariyya ya yi amfani da shi a littafinsa na taurari a ƙarni na 2 na Miladiyya, inda yake raba kowane digiri gida 60. Larabawa suka kira digiri daraja, ɗaya cikin sittin ɗinsa kuma daƙiƙa, kalmar da Hausa ta aro a fannin lokaci.

Amfanin 360 shi ne yawan lambobin da ke raba shi ba tare da saura ba, waɗanda suka kai 24. A tsakanin 1 da 10, lamba 7 ce kaɗai ba ta raba shi daidai. Wannan ya yi matuƙar dacewa da kalmomin kason da Hausa ta aro daga Larabci, waɗanda aka saba ji a rabon gado da fitar da zakka. Rabin zagaye digiri 180 ne, sulusinsa 120, rubu'insa 90, humusinsa 72, sudusinsa 60, sumuninsa 45, tusu'insa 40, ushirinsa 36. Subu'i ne kawai ke barin saura. Kusurwoyin da suka fi yawan fitowa a littattafan firamare, wato 180 da 120 da 90 da 60 da 45, kowace tana da sunan kaso da ke cikin ƙamusun Hausa tun kafin zuwan boko.

4.0 Yadda fahimtar kusurwa ke ginuwa a zukatan yara

Ayyuka uku sun yi fice a wannan fanni. Na farko shi ne na Jean Piaget da Bärbel Inhelder, waɗanda suka wallafa littafinsu a kan fahimtar sarari a wurin yaro a shekarar 1948. Sun nuna cewa ƙaramin yaro yana fara bambanta siffa rufaffiya da buɗaɗɗiya kafin ya bambanta mai kusurwa da marar kusurwa. Saboda haka idan aka ce ya kwaikwayi zanen murabba'i da na da'ira, sau da yawa abu ɗaya yake zanawa. Kusurwa ba ta cikin abubuwan da ido ke fara kamawa.

Na biyu shi ne na Pierre van Hiele da matarsa Dina van Hiele-Geldof, malaman lissafi a ƙasar Holan, waɗanda suka gabatar da kundayen digirinsu na uku a Jami'ar Utrecht a 1957. Sun tsara matakai biyar na tunanin lissafin siffofi. A matakin farko yaro na gane siffa ta kamanninta gaba ɗaya, a na biyu yana lura da sassanta da halayenta, a na uku yana danganta halayen da juna, sauran biyun kuwa na hujja ne mai zurfi. Abin da ya fi shafar masu nazarin harshe a ra'insu shi ne cewa kowane mataki na da harshensa. Malami da ɗalibi na iya furta kalma ɗaya alhali kowa da abin da yake nufi. Idan malamin Hausa ya ce kusurwa yana nufin awon juyi, ɗalibi kuma ya ji lungu, to wannan saɓani ne ya auku.

Na uku shi ne na Michael Mitchelmore da Paul White na ƙasar Ostireliya, wanda suka wallafa a shekarar 2000. Sun gano cewa sauƙin gane kusurwa a cikin abu ya danganta da yawan hannuwanta da ido ke gani. Inda hannuwan biyu suke a fili, kamar almakashi ko mahaɗar hanyoyi, yara na saurin ganewa. Inda hannu ɗaya ne kawai a fili, kamar ƙofa ko gangare, abin na ƙara wuya. Inda babu ko ɗaya, kamar juyawar taya, nan ne ya fi wuya. Sun kuma nuna cewa yaro ba ya ɗaukar waɗannan a matsayin abu ɗaya da kansa, sai an taimaka masa ya ga abin da ya haɗa su.

5.0 Kurakuran ɗalibai da alaƙarsu da harshe

Kuskure na farko, wanda ya fi shahara, shi ne auna kusurwa da tsawon hannuwanta. Idan aka zana kusurwa mai digiri 30 da dogayen layuka, aka zana mai digiri 60 da gajeru, aka ce wacce ta fi girma, ɗalibai da yawa kan nuna ta farko. A Hausa amsar tasu ba ta rasa hujja ba. Girma da babba da ƙarami kalmomi ne na jiki da cika ido, kuma zanen farko ne ya fi cika allo. Tambayar ce ta ɓatar da su. Da an ce wacce ta fi buɗewa, da hankalinsu ya koma ga abin da ake nema.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar kusurwa a matsayin ɗigon mahaɗa kaɗai. Idan aka ce wa ɗalibi ya nuna kusurwa, sai ya ɗora yatsa a kan tsinin. Wannan shi ne ma'anar wuri tsagwaronta. Ɗigo ba shi da awo, don haka ɗalibin da ke kallon ɗigo ba zai ga abin da ya bambanta digiri 40 da digiri 140 ba.

Kuskure na uku shi ne ƙin yarda da kusurwa mai digiri 180 da waɗanda suka zarce ta. Miƙaƙƙen layi ba shi da lungu, ba a iya ajiye komai a cikinsa, saboda haka a idon yaro ba kusurwa ba ne. A nan yaron na tare da Iƙlidis. Ma'anar juyi ce kaɗai ke warware wannan: wanda ya fuskanci gabas ya juya ya fuskanci yamma ya yi rabin zagaye, kuma rabin zagaye abin aunawa ne.

Kuskure na huɗu ya shafi mazaunin zane. Yawancin littattafai na zana kusurwa mai digiri 90 da hannu ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye. Idan aka karkata zanen, ɗalibin da ke matakin farko na Van Hiele sai ya ce ta sauya. Haka nan murabba'in da aka tsayar a kan tsininsa yakan ce ba murabba'i ba ne.

Kuskure na biyar yana faruwa wajen amfani da ma'aunin kusurwa, wato faifan nan mai siffar rabin da'ira da ke cikin akwatin kayan lissafi. Ma'aunin na da jerin lambobi biyu, ɗaya ya taso daga dama, ɗaya daga hagu, ta yadda 60 da 120 suke zaune a wuri guda. Ɗalibin da ba ya iya ƙiyasta juyi da ido ba shi da abin da zai hana shi rubuta 120 a kusurwar da ko rubu'in zagaye ba ta kai ba.

6.0 Kayan aikin da Hausa ta tanada

Rauni a nan yana ga suna ne, ƙarfin kuma yana ga aikatau. Hausa na da wadatar kalmomin da ke bayyana juyi da karkata: juya, waiwaya, kewaya, karkata, jirga, gitta, jingina, tanƙwara, lanƙwasa, miƙe. Daga cikinsu ake samun kalmomin yanayi irin su a karkace, a gicciye, a jingine, a tsaye, a kwance, a miƙe. Kowace daga cikin waɗannan tana bayyana dangantakar layi da wani layi ko da ƙasa, wato ainihin abin da kusurwa ke aunawa. Game da ƙofa kaɗai, yaro ya san a rufe ta, a sakaya ta, a buɗe ta kaɗan, a wangale ta. Waɗannan matakai ne na ma'auni guda, daga babu buɗi zuwa cikakken buɗi, kuma ya san jerinsu ba tare da an koya masa ba.

A kan wannan tushe za a iya duba sunayen ire-iren kusurwa. Mai digiri 90 ita ce ta fi fuskantar haɗarin mummunar fassara, domin kalmar Ingilishin da ke siffanta ta tana kuma nufin dama. Duk fassarar da ta kira ta kusurwar dama ta kauce, domin asalin kalmar a Latin miƙewa tsaye take nufi, kuma Larabci ma ƙa'ima ya kira ta, wato tsayayya. Tsayayyiyar kusurwa ta dace da asali, sai dai ita ma tana iya ƙarfafa kuskure na huɗu, yaro ya zaci dole sai hannu ɗaya ya dubi sama. Maganin haka shi ne a riƙa haɗa sunan da bayaninsa a kowane lokaci: tsayayyiyar kusurwa ita ce rubu'in juyi, ko ina ta fuskanta.

Idan wannan ta zauna, sauran sukan biyo cikin sauƙi. Wadda ba ta kai rubu'in juyi ba tsukakkiya ce. Wadda ta wuce rubu'i ba ta kai rabi ba buɗaɗɗiya ce. Wadda ta cika rabin juyi miƙaƙƙiya ce, domin hannuwanta sun zama layi ɗaya. Wadda ta zarce rabi ba ta cika zagaye ba, ana iya kiranta kusurwa mai zarce rabi. Digiri 360 kuwa cikakken juyi ne. Fa'idar waɗannan sunaye ita ce suna ɗauke da bayanin kansu, kuma duk sun koma ga ma'auni ɗaya. Lura da muhimmancin keɓe miƙaƙƙiya ga mai digiri 180 kaɗai: idan wani littafi ya ba mai digiri 90 wannan suna, wani kuma ya ba mai 180, ɗalibin da ya sauya makaranta ne zai kwana ciki.

7.0 Tsarin gabatar da darasi

Bayanan da suka gabata suna nuna wani jeri na koyarwa wanda ya fara da jiki ya ƙare da lamba.

Mataki na farko shi ne juyi da jiki. Ɗalibai su tsaya a fili suna fuskantar gabas, su juya dama su fuskanci kudu, su sake juyawa zuwa yamma, sannan arewa, sannan su dawo gabas. Juyi huɗu masu daidai da juna sun cika zagaye, don haka kowane ɗaya rubu'i ne. Daga gabas zuwa kudu maso gabas rabin rubu'i ne, wato sumuni. A nan ma'anar kusurwa ta nahiya ta haɗu da ta lissafi. Idan aka zana layi a ƙasa kafin juyi, aka zana wani bayan juyi, hannuwan kusurwar da ba a gani sun fito fili, kuma yaron da kansa ne mahaɗa.

Mataki na biyu shi ne abubuwa masu buɗewa. Gwiwar hannu ita ce mafi kusa, domin kowane ɗalibi na tafe da ita: a naɗe tsukakkiya ce, a miƙe rabin juyi ce. Sai almakashi da littafi da kara biyu da aka ɗaure a gefe ɗaya. Idan aka ɗora gajerun kara biyu a kan dogaye biyu aka buɗe su tare, ɗalibi zai gani da idonsa cewa tsawo ya bambanta amma buɗi ɗaya ne. Gani ya kori ji, kuma da wannan ake tumɓuke kuskure na farko. Daga nan a wuce zuwa abubuwa masu hannu ɗaya a fili, a nemi ɗalibi ya gano na biyun: ga ƙyaure, dokin ƙofa ne, ga tsanin da aka jingina da bango, ƙasa ce.

Mataki na uku shi ne kusurwoyi masu zaman dindindin, tare da ma'aunin da ɗalibi ya yi da hannunsa. Duk takardar da aka ninka biyu, aka sake ninkawa ta yadda karin farko ya kwanta a kan kansa, tana ba da tsayayyiyar kusurwa, ko da gefenta a yage yake. Da ita ɗalibi zai gwada kusurwar allo da taga da bulo, ya kuma gwada tsakanin ƙotar fartanya da ruwanta ya ga cewa a tsuke take. Ninki na uku yana ba da sumuni. A wannan mataki ne lungun da yaro ya sani a gida ke komawa abin aunawa. Za a iya ƙarawa da dabarar igiya: idan aka yi alwatika da gefuna masu tsawon 3 da 4 da 5 na kowane irin awo, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 tsayayyiya ce, kuma magina na amfani da wannan wajen fitar da harsashin gini.

Mataki na huɗu ne ya kamata digiri ya shigo, a matsayin ƙaramin kaso na zagaye wanda ake bukata idan rubu'i da sumuni sun yi girma. Agogo mai hannu na da amfani a nan. Dogon hannu na juya digiri 6 a kowane minti, gajeren kuma digiri 30 a kowace awa. Da ƙarfe 3 daidai hannuwan na yin tsayayyiyar kusurwa, da ƙarfe 6 miƙaƙƙiya, da ƙarfe 2 sudusin juyi. Abin lura shi ne kwatar da ake faɗa a "ƙarfe uku da kwata" ita ce rubu'in juyin dogon hannu. Sai bayan wannan ne za a miƙa wa ɗalibi ma'aunin kusurwa, da sharaɗin ya fara faɗin ko tsukakkiya ce ko buɗaɗɗiya kafin ya karanta lamba.

Ga manyan azuzuwa akwai ƙarin gwaje-gwaje. Idan aka yanki alwatika na takarda, aka yage kusurwoyinsa uku aka jera su a kan mahaɗa ɗaya, suna cika miƙaƙƙen layi, wato digiri 180, kowace irin siffa alwatikan yake da ita. Idan kuma ɗalibi ya taka a kan zanen alwatika mai gefuna daidai har ya dawo inda ya fara yana fuskantar inda ya fuskanta da farko, ya yi kwana uku da suka cika zagaye, kowace sulusi ce, digiri 120. Amma kusurwar cikin alwatikan sudusi ce, digiri 60. Biyun idan aka haɗa su suna ba da 180. Wannan na koya wa ɗalibi ya tantance wace kusurwa ake tambaya, ta ciki ko ta kwanar da aka sha. Wani misalin na kusa shi ne alƙibla. Bahaushe kan ce ya fuskanci gabas idan zai yi salla, amma daga Kano alƙibla na kimanin digiri 68 daga arewa zuwa wajen gabas, alhali gabas sak digiri 90 ce. Bambancin ya kai kusan rabin sumunin juyi, kuma ɗalibi na iya nuna shi da takardar da ya ninka sau huɗu.

8.0 Kammalawa

An ga cewa wahalar da yara ke sha da kusurwa ta samo asali daga yadda sunan wuri ya zama sunan awo, a Hausa da sauran harsuna. An kuma ga cewa sanannun kurakurai biyar na ɗalibai duk suna komawa ga kallon kusurwa a matsayin abu ko wuri maimakon juyi. Hausa ba ta bukatar sabuwar kalma a madadin kusurwa. Abin da ake bukata shi ne a kewaye ta da aikatau na juyi da buɗi da kalmomin kaso, a sauya "ta fi girma" da "ta fi buɗewa" a farkon koyo, a kuma jinkirta digiri har sai rubu'in juyi ya zauna.

Wannan na ɗora nauyi a kan masana Hausa, ba malaman lissafi kaɗai ba. Jerin keɓaɓɓun kalmomi da ke ba da kalma a gaban kalma bai wadatar ba. Ya kamata kowace kalma ta zo da bayanin inda ma'anarta ta aji ta rabu da ta gida, da irin jimlolin da malami zai yi tambaya da su. Ya kuma kamata sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi na Nijeriya da Nijar su daidaita sunayen ire-iren kusurwa, domin littattafai su yi magana da baki ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ma'anar da yaro ya ɗauka a firamare ita zai riƙa komawa gare ta duk lokacin da ya haɗu da kusurwa a gaba.